Ƙanƙarar da ke kwance a ƙarƙashin duwatsu

Jama'a, duk wanda ya taɓa sayen ƙanƙara lokacin azumi ya ga yadda mai ita ke yi: ya lulluɓe ta da buhu da garin katako, ta wuni cikin rana ba ta zama ruwa ba. To irin wannan lulluɓin Allah Ya yi a kan manyan tsaunuka, kuma tunaninsa ya hana ni sakat.

A tsaunukan Siwizalan, ƙarƙashin ƙololuwar Corvatsch, akwai wani wuri da ake kira Murtèl. In ka ga hotonsa cewa za ka yi tirela ce ta juye duwatsu ta tafi. Ko ɗigon fari babu a lokacin zafi. Amma a 1987 masana suka yi burtsatse mai zurfin kusan mita 60, suka tarar bayan 'yan mitoci na manyan duwatsu, abin da ke ƙasa ƙanƙara ce cakuɗe da tsakuwa. Suka zura na'urorin auna sanyi, har yau ana karantawa. Duk tarin yana gangarowa a hankali, bai cika taƙi ɗaya ba a shekara. Lokacin hunturu iska mai sanyi, da yake ta fi nauyi, sai ta sulale tsakanin duwatsun ta lafe, iskar zafi ta kasa korar ta. Shi ya sa ƙasan ke zama a daskare shekara da shekaru. Duk da haka awon ya nuna ɗumi na shigarta sannu sannu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, duniya farar ƙanƙara kaɗai take yi wa kuka, wadda ke kyau a hoto. Wannan mai ƙura a ka, wadda ta fi jure zafi kuma za ta daɗe bayan farar ta ƙare, ba ta da mai tsaya mata. A Chile, masu haƙar tagulla a tsaunukan da ke bayan birnin Santiago sun kwashe wasu, sun jibge ɓaraguzai a kan wasu, kamar dutse ne kawai.

Ajantina ta burge ni a nan. A 2010 ta yi dokar da ta kare ƙanƙarar tsaunuka har da wadda ke ɓoye, aka bi ƙasar aka ƙirga, a 2018 aka samu wurare masu ƙanƙara kusan 17,000. Kamfanonin ma'adinai sun kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 2019.

Na san tagulla kuɗi ce, kuma talaka na neman aiki, ban raina wannan ba. Amma lardin San Juan na Ajantina busasshiyar ƙasa ce, manomin inabi a can ruwan tsauni yake jira. Shekarar da dusar ƙanƙara ta yi ƙaranci, ɗan ruwan da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin duwatsun nan yana cikin abin da ke hana rafinsa ƙafewa. Katafila kuwa cikin 'yan watanni za ta kwashe abin da ya yi dubban shekaru yana taruwa.