Get Mai Rimot a Garin da Wuta Ba Ta da Ƙarfi

Jiya bayan azahar na dawo daga Kantin Kwari, rana tana dukan tsakar kai, na danna rimot. Get ya taho kamar kamu biyu ya tsaya cak, injin yana ta gurnani. Na fito na taɓa murfinsa, ba shiri na janye hannu. Karo na huɗu ke nan tun da zafin nan ya shigo.

Na kira yaron da ya haɗa min shi. Sai la'asar sakaliya ya ga damar zuwa, yana tafe yana latsa waya. Ban kai ƙarshen sallama ba ya ce, "Alhaji, me kuma ka yi masa?"

Ni na yi masa! Wato da dare nake tashi in hura masa gawayi.

Na haɗiye, na ce Malam duba min dai. Ya ɗora abin awonsa a kan waya, ya juyo min da shi kamar mai nuna wa ɗalibi jarrabawar da ya faɗi. Ƙarfin wutar volt 165. Ya ce injin nan volt 230 yake so, in wuta ta yi ƙasa haka ba ya iya juyawa sosai, sai ya yi ta zuƙar wuta fiye da ƙima, kwayil ya ɗau zafi, abin kariyar da ke ciki ya yanke. Ga ƙurar hunturu ta cakuɗe da giris a layin da tayoyin ke bi, nauyi ya ƙaru. Wai in na ci gaba da danna masa, kafasita ko kwayil ɗin zai ƙone.

Na ce madalla da karatu. Ranar da kake ƙirga kuɗina, wutar Rijiyar Zaki ta Makka ce?

Ya yi 'yar dariya, ya sa waya a aljihu. "Baba, wanda ba shi da kuɗin sitabilaiza da sola, maigadi yake ɗauka." A ƙofar gidana, a gaban 'ya'yana. Sannan ya miƙo hannu, kuɗin dubawa.

Shi ma dai samu ya yi. Tun 2013 aka sayar da kamfanonin wuta aka ce mun huta. A 2023 aka cire tallafin mai, janareta ya koma kayan ado. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit, a Oktoban shekarar kuma Arewa ta kwashe sama da mako guda cikin duhu. Taransifoma ta lalace mu yi karo-karo, waya ta tsinke mu saya, wutar ta zo ko fanka ba ta iya juyawa, sai dai ta ƙona firij. Su kuwa masu mulki get ɗinsu bai taɓa tsayawa a rabi ba.

Da magariba na sa makulli na saki injin, na naɗe hannun babbar riga na tura get ɗin da ƙirji. Rimot ɗin yana aljihuna, yaran maƙwabta suna ta yi min sannu.