Gidajen raino: a bar hukuma ta yi tambayar da kunya ta hana uwa yi

Da ƙarfe bakwai na safe, a unguwanni irin su Hotoro a Kano ko Unguwar Rimi a Kaduna, za ka ga mace da jakar aiki a kafaɗa, goyo a baya, ta tsaya ƙofar wani gida ta yi sallama. Ta kwance yaron, ta miƙa filas ɗin kunu da 'yan kayan canji, ta ce, "Mama, ga shi nan, sai na taso." Babu allo a ƙofar, babu suna. Wata baiwar Allah ce ta ware falonta tana riƙe wa ma'aikata 'ya'ya, ana biyanta ƙarshen wata.

A da, raino ba sana'a ba ne. Kaka na nan, goggo na nan, ga ƙanwar miji, wani lokaci har kishiya ta goya. Yau ma'aurata na zaune gidan haya nesa da dangi, matar malamar asibiti ce ko ta makaranta. Dokar ƙwadago ta Najeriya hutun mako 12 ta ba mai jego, ma'aikatan gwamnatin tarayya na samun mako 16, Jihar Kaduna kuma ta kai nata wata shida a 2019. Wadda ke aiki a kamfani kuwa, tun jaririnta bai iya zama ba za ta koma bakin aiki, alhali likitoci na cewa a ba shi nono zalla har wata shida. Dole ta nemi hannun da za ta miƙa shi.

Ta yaya take zaɓar hannun? Da sanayya. "Wance ce ta haɗa mu, matar kirki ce, ga addini." Ban raina wannan shaida ba, domin yawancin matan nan suna riƙe 'ya'yan mutane da tsoron Allah, a kan kuɗin da bai kai wahalarsu ba. Sai dai kirki ba ya rufe rijiya. Kirki ba ya ƙara wa mace hannu na uku idan jarirai takwas suka fara kuka a lokaci ɗaya.

Akwai tambayoyin da ya kamata kowace uwa ta yi. Yara nawa kike riƙewa? Wa kike bar wa su idan kin fita unguwa ko gidan biki? Waɗanne maza ne ke kwana a gidan, su wa ke shigowa? Ina murhu da tukunyar gas suke? Idan yaro ya shaƙe da abinci, me za ki yi kafin a kai shi asibiti? Kina ba su maganin mura don su yi barci? To ina matashiyar da za ta dubi idon sa'ar mahaifiyarta, wadda take kira Mama, ta jero mata waɗannan? Za a ce ba ta da kunya, ta ɗauki mutane azzalumai. Sai ta haɗiye, ta tafi ofis zuciyarta na gidan. A ganina, amfanin lasisi na farko ke nan: a samu wani na gefe, wanda aikinsa ne, ya yi tambayoyin nan ba tare da an ɓata zumunci ba.

Kuma ba rashin doka ke damunmu ba. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ware kashi guda a kan masu raino da wuraren kula da ƙananan yara da rana, ta ɗora wa gwamnatocin jihohi yi musu rajista. Kaduna ta yi tata dokar kare yara a 2018, Kano a 2023. Amma shiga lungu ka tambayi mai gidan raino ko wani jami'i ya taɓa leƙo ta.

A Ingila, duk wanda zai riƙe yaro ɗan ƙasa da shekara takwas a gidansa fiye da awa biyu a rana don a biya shi, sai ya yi rajista, galibi da hukumar Ofsted mai duba makarantu da wuraren kula da yara. Ana bincika ko shi ko wani babba a gidan ya taɓa aikata laifi, sai ya koyi taimakon gaggawa na yara, kuma a ƙa'ida ba ya wuce yara shida, jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kuwa guda ɗaya tak. Ƙa'idoji ne masu ma'ana. Amma a can ɗin ma masu wannan sana'a sun ragu ƙwarai a 'yan shekarun nan, kuma yawan cike-ciken takardu na cikin abin da suke kuka da shi. Idan haka ta faru inda ake da tsari, ka ƙiyasta abin da zai faru a nan ranar da aka mayar da lasisin raino hanyar tara kuɗin shiga. Bazawarar da ke riƙe yara biyar don ta ciyar da marayunta ba za ta daina ba, rufe ƙofa kawai za ta yi, ta ce wa duk mai tambaya jikokinta ne.

Mun kuma ga yadda muke yi idan abu ya ɓaci. A Janairun 2022, bayan an gano cewa mai wata makaranta a Kano ne ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe ta, gwamnatin jihar ta soke lasisin dukkan makarantu masu zaman kansu, ta ce a sake tantance su. Ihu bayan hari. Takarda a bango ba ta kare kowa matuƙar babu mai zagayowa ya duba.

Shi ya sa nake ganin kada a kai rajistar nan sakatariyar jiha. A sauko da ita ƙaramar hukuma, kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mai unguwa ya shaidi gidan da mutanen cikinsa. Dubagari, wanda dama aikinsa ne shiga gidaje, ya duba rijiya, banɗaki da wurin girki. Ma'aikaciyar asibitin unguwa ta koya wa masu raino taimakon gaggawa, ta riƙa leƙowa ba tare da sanarwa ba, ta ƙirga yara, ta duba katin rigakafinsu. Wadda ta gaza a ba ta wa'adin gyara kafin a yi maganar rufewa.

Akwai abin da iyaye ba za su so ji ba: idan aka taƙaita yawan yara, kuɗin raino zai tashi. Wadda ke tara goma a falo ɗaya tana yi ne saboda abin da kowannenmu ke ba ta bai isa cefane ba. Maigidan da ke sayen data da man mota ba ciniki, amma ya tsaya taya kuɗin rainon ɗansa, shi ma yana da hannu a cunkoson. Kuma shi da kunyar Mama ba ta ɗaure masa baki kamar matarsa, ya kamata ko sau ɗaya a wata ya zama shi ne zai je ɗauko yaron, ya nemi izini ya shiga har tsakar gida.