Tsofaffin motocinmu da gobarar da muke kira tsautsayi

Duk wanda yake bin babbar hanyar da ta tashi daga Ngaundere ta ratsa Garwa da Marwa har zuwa Kusuri ya san gawar mota idan ya gan ta a gefen kwalta: ƙarfe ya yi ja saboda wuta da tsatsa, tayoyi sun narke sun bar waya kawai, ciyawar da ke kewaye ta zama toka. Idan ka tambayi mutanen ƙauyen da ke kusa, amsar ɗaya ce, wato tana cikin tafiya wuta ta tashi daga injin, tsautsayi ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma ra'ayina shi ne mafi yawan waɗannan motoci sun yi makonni, wasu ma watanni, suna nuna alama kafin ranar ta zo, kuma akwai wanda ya ga alamar ya ce a lallaɓa tukuna.

Ba na cikin masu cewa a hana hawa tsofaffin motoci, domin wanda yake faɗin haka bai san aljihun mutanen arewacin Kamaru da Cadi ba. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kusan kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Mu ne ƙarshen layin. Motar da ta gama aikinta a Beljiyam ko Jamus ta sauka a Duwala ko Kwatano, ta yi wasu shekaru a kudu, sannan ta iso hannunmu. Toyota Carina E da har yanzu take ɗaukar fasinja a garuruwanmu an daina ƙera ta tun 1997, Mercedes 190 kuma tun 1993, saboda haka mafi ƙuruciya a cikinsu ta girmi direbobi da yawa da suke tuƙa ta. Lambar kilomitar da ke jikin agogo ma ba abin dogaro ba ce, don kowa ya san ana mayar da ita baya kafin a kai mota kasuwa.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne sassan mota ba tare suke tsufa ba. Ƙarfen injin da ake canza wa baƙin mai a kan kari yana iya wuce kilomita 400,000 yana aiki, amma roba da rigar waya ba su da wannan juriya, kuma zafi ne babban abokin gabarsu. A Garwa da Marwa da Njamena, a watannin Maris da Afrilu, zafin inuwa kan wuce digiri 40, to balle ƙarƙashin murfin injin motar da ta ɗauko kaya fiye da kima. Tiyon da aka ƙera don yanayin Turai, ya yi shekara ashirin da biyar yana shan zafi da ƙura, ba zai zauna yadda yake ba.

Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon makanike yana ciro tiyon fetur daga wata Corolla. Daga nesa lafiyarsa ƙalau, baƙi wuluk, amma da ya lanƙwasa shi tsakanin yatsunsa sai tsaga ƙanana suka buɗe tun daga wannan baki har wancan, zaren da ke ciki ya bayyana, ga danshin fetur a jiki. A bakinsa kuma babu maɗaurin ƙarfe, wayar ɗaurin kaya aka murɗa da filaya. Makaniken ya ce wa mai motar: "Alhaji, wannan tiyon ya gama aikinsa, a sa sabo." Alhaji ya amsa: "Malam, yanke wurin da ya tsage ka mayar, idan na dawo daga Mora sai a duba." Kuɗin sabon tiyon bai kai na litar fetur biyar ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a mota wannan tsagar ita ce ƙofar wuta.

Ya kamata a san cewa haɗarin ya ƙaru da sauyin motocin da muke hawa. A tsohuwar Peugeot 504 mai kafireto, famfon mai yana tura fetur a hankali, idan tiyo ya tsage sai dai ya riƙa ɗiga. A motoci masu injekta kuwa, wato masu fesa mai cikin injin, famfo na lantarki ne, yana turo mai da ƙarfin da ya kai kusan ninki goma na wancan, ƙarfin da ya fi na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, saboda haka ƙaramar tsaga tana fesa fetur ne a kan injin. Tururin fetur yana kama wuta da tartsatsi ɗaya ko a cikin sanyin hunturu, bututun hayaƙin da ke manne da injin kuma zafinsa kan wuce digiri 500 idan mota tana hawan tudu da kaya. Duk da haka, akwai masu ɗauko tiyon ruwa ko kowace irin roba da ta yi daidai da bakin bututu su sa a layin mai, alhali fetur yana cin robar da ba don shi aka yi ta ba. Warin fetur a cikin mota, ko da safe kafin a tayar da ita, dalili ne da ya isa a fasa tafiya.

Haka baƙin mai yake. Injin da murfinsa yake tsiyaya, maimakon a canza gasket sai a sa galan a but, kullum da safe a ƙara. Man da yake fita kuwa yana sauka ne a kan ƙarfe mai zafi, yana haɗuwa da ƙura ya zama dauɗa mai kauri, wadda ita ce abincin wuta idan ta tashi.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lantarki, domin shi ba ya wari kuma ba ya ɗiga. Fiyus ɗan ƙaramin abu ne da aka yi shi musamman don ya ƙone kafin waya ta ƙone. Idan ya yanke, yana gaya maka ne cewa akwai wayar da rigarta ta goge tana taɓa ƙarfen mota, ko kuma an ɗora wa layin nauyin da ya fi ƙarfinsa. Abin da aka saba yi a wajenmu shi ne a sa wani, idan ya sake yankewa a sa wanda ya fi shi girma, idan wannan ma ya yanke a naɗa zaren tagulla ko takardar azurfa ta kwalin taba a cusa a gurbinsa. Daga wannan lokaci babu sauran mai tsaron layin. Batir na mota volt 12 ne kawai, shi ya sa ake raina shi, amma idan wayarsa ta haɗu da jikin mota yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a take, waya ta yi ja, rigarta ta kama, kuma yawanci a bayan dashbod ne inda hannu ba ya kaiwa. A ƙara da manyan lasifika da fitilu da ham na babbar mota da ake jonawa kai tsaye daga batir ba tare da fiyus ba, da mahaɗar waya da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, da batirin da ba a ɗaure ba yana tsalle a ramukan hanyar Mora zuwa Kusuri har kansa ya taɓa ƙarfe. Motar da aka kashe aka ajiye a gida cikin dare ma tana iya tashi da wuta ta wannan hanya, domin wasu layukan suna da wuta ko babu makulli.

Sai maganar zafin injin, wadda ta fi gobara yawan kashe motoci ko da yake ba ta kai ta ban tsoro ba. Da zarar mota ta iso daga Turai, abu na farko da ake ba mai ita shawara shi ne a cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa ko sakinsa zuwa lagireto, wai na ƙasar sanyi ne, a kuma jona fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Ban yarda da wannan ba. Tamostat yana buɗewa ne idan ruwa ya kai wajen digiri 82 zuwa 88, don injin ya tsaya a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, kuma motar da take zafi da lafiyayyen tamostat a jiki tana da wata cuta dabam: lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfin lagireto ya daina riƙe iska. Cire shi yana ɓoye cutar ne na ɗan lokaci. Ruwan rijiya da muke zubawa shi ma yana da nasa laifin, don yana barin gishiri da tsatsa a cikin ƙananan hanyoyin lagireto, kuma idan murfi ba ya riƙe iska yana tafasa a digiri 100, alhali ruwan sanyaya injin na gaskiya, ƙarƙashin murfi mai kyau, yana wuce digiri 120 bai tafasa ba. Wanda ya taɓa hawan dutsen da ke tsakanin Mbe da Ngaundere a bayan manyan motoci ya san yawan waɗanda suke tsaye a wurin, murfi a buɗe, tururi yana tashi. A nan ne ake yin kuskure biyu masu tsada: a buɗe murfin lagireto da zafinsa ruwa ya ƙona fuska da hannu, ko a sheƙa ruwan sanyi a injin da ya yi zafi kan injin ya tsage. Bayan kwanaki sai a ga farin hayaƙi a salansa, baƙin mai ya koma launin shayi da madara, gyaran da zai ci kuɗi kaɗan ya zama sauke injin.

Bel ɗin da ke daidaita bugun injin ba ya ba da wata alama, shi ya sa masu ƙera motoci suka sa masa wa'adi, yawanci tsakanin kilomita 60,000 da 100,000. A injuna da yawa, idan ya tsinke ana cikin gudu, bawul da fistin suna karo injin ya lalace nan take. Wanda ya sayi motar hannu bai san tarihinta ba, ya canza shi kafin tafiyar farko.

Na san wasu za su ce laifin zuwa-zuwa ne, man kwalba da jarka da ake shigowa da shi daga Najeriya. Gaskiya ne yana zuwa da datti da ruwa, wani lokaci da gauraye, kuma tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 arahar da ake bin sa dominta ta ragu. Amma gurɓataccen mai yakan lalata famfo da injekta ne, ba shi yake tsaga tiyo ko ya cire fiyus ba. Haɗarinsa na gaske yana cikin yadda muke mu'amala da shi: zuba mai da mazurari injin yana aiki, da jarkoki a but ko ƙarƙashin kujerar fasinja a cikin zafin rana. Ba mu manta da abin da ya faru kusa da Dschang, a yammacin Kamaru, a watan Janairun 2021 ba, inda motar fasinja ta yi karo da motar da ke ɗauke da mai, wuta ta tashi, mutane 53 suka rasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Idan wutar ta riga ta tashi, abin yi kaɗan ne kuma lokacinsa gajere ne. A tsaya nesa da busasshiyar ciyawa, a kashe makulli domin famfon mai ya daina turowa, a fitar da mutane su yi nisa, a bar kaya. Kada a ɗaga murfin injin gaba ɗaya, don iskar da za ta shiga ita wutar take jira. A ɗan sassauta shi a fesa ta tsagar. Ruwa yana yaɗa fetur mai ci, yashi ya fi shi amfani. Ƙaramar tukunyar kashe gobara mai kilo ɗaya ba ta wuce sakan goma tana fesawa, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke motocinmu an saye su ne don nuna wa jandarma, allurarsu ta daɗe da faɗuwa, wasu kuma suna can ƙarƙashin buhunan da aka loda. Lambar 'yan kwana-kwana a Kamaru 118 ce, amma wanda wuta ta kama motarsa a dajin da ke tsakanin Garwa da Ngaundere ya san ba za su iso kafin ta gama ba. A tuna kuma cewa a Hiace injin yana ƙarƙashin kujerar gaba ne, fasinjojin baya kuma ƙofa ɗaya suke da ita, wadda a motoci da yawa hannunta na ciki ya karye, sai yaron mota ya buɗe daga waje.

Wannan ya kawo ni ga wanda nake ganin nauyin ya fi hawa kansa. An saba zagin direba, amma direban haya yana da kuɗin da dole ya kai wa maigidansa kowace rana, kuma idan ya ce mota tana buƙatar kwana ɗaya a gareji, amsar da yakan samu ita ce akwai masu neman makullin. Mai motar da aka gaya wa tiyo ya tsage ya ce a lallaɓa, sannan ya loda 'ya'yan mutane goma sha takwas a ciki, ya ɗauki amanar da zai amsa tambaya a kanta, kuma takardar duba lafiyar mota da ke aljihunsa ba za ta amsa masa ba idan babu wanda ya leƙa injin kafin a ba shi ita. Makanike ma yana da haƙƙin ya ƙi aikin da ya san ganganci ne, ko da mai motar zai tafi garejin gaba.

Roƙona ga shugabannin tashoshinmu na Garwa da Marwa da Ngaundere da Kusuri shi ne su sa doka a tsakaninsu, ba sai sun jira hukuma ba: kafin mota ta shiga layin lodi, a buɗe injin a gaban wakilin tasha, a duba tiyon mai da akwatin fiyus da ɗaurin batir, a ga allurar tukunyar kashe gobara tana kan kore kuma tukunyar tana inda hannun direba zai kai, a gwada ƙofar fasinja daga ciki. Wannan ba zai ci minti biyar ba, kuma motar da ta faɗi a koma da ita bayan layi har sai an gyara.