Wai Hutawa Yake Yi

Masu cewa ƙanena hutawa yake, don yana aiki a jirgin ruwa mai tafiya da iska, suna ƙona min rai a majalisarmu ta Tudun Wada. Wane hutu? Daga Las Palmas, wani gari a tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, zuwa tsibiran Karebiyan kusan mako uku ne a Tekun Atlantika, ba kanti, ba bakanike. Gishiri yana cin wayoyin lantarki har su yi kore. In injin tace ruwan teku ya tsaya, sai a auna ruwan sha da kofi, wanka kuwa a manta. In na'urar da ke tuƙa jirgin da kanta ta mutu, da hannu za a riƙe sitiyari dare da rana, ana karɓa-karɓa. Amma kullum sai na ji, "Malam, ka ce ya turo mana dala!"