Yadda aka jefa sunan Nijar cikin ƙaryar yaƙin Iraƙi

Har yau in ana zancen yaƙin Iraƙi sai ka ji wasu suna cewa ai kuskure ne, jami'an leƙen asiri suka kawo bayanan da ba daidai ba, shugabanni kuma suka yarda da zuciya ɗaya. Jama'a, wannan uzuri ba ya shiga kaina, kuma hujjata tana Jamhuriyar Nijar.

Ranar 28 ga Janairun 2003 shugaban Amurka na lokacin, George Bush, ya tsaya gaban majalisar dokokin ƙasar ya ce Birtaniya ta gano Saddam Husaini ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. Nijar yake nufi. Akwai wasu takardu da ke yawo, wai na cinikin tan 500 na yuraniyom ne tsakanin Nijar da Iraƙi. Alhali tun Fabrairun 2002 hukumar CIA da kanta ta tura tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, ya gana da jami'ai, ya dawo ya ce da wuya abin ya faru. A lokacin mahaƙan yuraniyom na Arlit suna ƙarƙashin kamfanin Cogema na Faransa, kowace ganga da lissafinta. Ta ina za a loda tan 500 a tireloli, a ratso hamada har tashar ruwan Kwatano, ba wanda ya gani?

Takardun kansu abin takaici ne. Wata wasiƙa ta shekarar 2000 ta zo da sunan Allele Habibou a matsayin ministan harkokin waje, mutumin da ya bar kujerar tun 1989! Ranar 7 ga Maris ɗin 2003, shugaban hukumar nukiliya ta duniya na lokacin, Mohamed ElBaradei, ya faɗa wa Kwamitin Sulhu ƙiri-ƙiri cewa takardun na jabu ne. Ranar 20 ga wannan watan bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza. Wanda aka gaya wa gaskiya kafin ya harba, ta yaya zai dawo ya ce bai sani ba?

Masu kare Tony Blair, firaministan Birtaniya na lokacin, suna da tasu hujjar, kuma ya kamata a faɗe ta. Sun ce jakadan Iraƙi a Batikan ya ziyarci Nijar a 1999, kwamitin bincike na Butler da gwamnatin Birtaniya ta kafa ma a 2004 ya ce zargin Birtaniya yana da tushe. To, ziyara daban, ciniki daban. Ba a rusa ƙasa a kan zato. Masu binciken Amurka sun tone Iraƙi ciki da bai, a 2004 suka ce babu rumbun makaman ƙare dangi. Rahoton Chilcot na 2016, wato binciken Birtaniya kan yaƙin, ya ce an gabatar da barazanar da tabbacin da ba shi da hujja.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Wilson ya fito ya tona zancen a jaridar New York Times ranar 6 ga Yulin 2003. Fadar White House ta amsa cewa bai kamata maganar ta shiga jawabin ba. Kafin wata ya ƙare aka fallasa cewa matarsa, Valerie Plame, jami'ar CIA ce, aikinta ya lalace. A kan binciken wannan fallasa aka kama Scooter Libby, na hannun daman mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney, da laifin yin ƙarya a 2007. Bush ya ɗauke masa zaman kaso, Trump ya yafe masa gaba ɗaya a 2018. Su kuwa 'yan Iraƙi, dubun-dubatarsu sun mutu, kuma babu shugaba ko ɗaya da aka gurfanar a kotu kan ƙaddamar da yaƙin.