Ku ƙyale yaran nan su yi rubutu da Hausarsu

Masu cewa bitar rubutun da matasan garinmu suka shirya wa 'yan ƙaramar sakandare ɓata lokaci ce, don kawai da Hausa aka yi ta, wallahi ba ku yi wa yaran nan adalci ba. Kun dai ga maganar da ake ta yaɗawa tun ranar Asabar: wai Hausar da yaro ke ji tun yana goye ita za a tara shi a koya masa? Haba malam! Jin magana daban, zaunar da ita a takarda daban.

Yaran nan fa kullum kwafar abin da ke kan allo suke yi. Malami ya rubuta, su kwafa, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa. Wa ya taɓa ce musu su rubuta abin da idonsu ya gani? A bitar nan aka fara ce musu haka. Wata yarinya 'yar aji biyu ta rubuta daren da ambaliyar 2022 ta shigo musu, irin wadda ta ci gidaje da gonaki daga Ringim har Auyo. Ta faɗi yadda innarta ta ɗora buhun gero a kan gado, yadda aka fito da kakarta a amalanke, fitila a hannun yayanta. Da ta miƙe za ta karanta, takardar rawa take yi a hannunta, amma sai da ta kai ƙarshe. Wani yaro kuma cinikin akuya ya rubuta a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, har da rigimar la'ada da dillali. Ku gaya mini, da Turancin da suke da shi yanzu za su iya fito da wannan? Layi biyu za su yi su ajiye biro.

Za a ce ai da Turanci ake jarrabawa. Mun ji. Babu wanda ya hana su koyo, darasin Turanci yana nan kowane mako. Amma yaron da bai taɓa tsara tunaninsa da harshen uwarsa ba, me zai tsara da na wani? Ita Hausar ma ana zana ta a WAEC da NECO, ana yin digiri a kanta a Jami'ar Bayero. Abubakar Imam yana malamin Midil ta Katsina, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya shiga gasar rubuta littattafai ta 1933 da Ruwan Bagaja. Da Hausa ya rubuta, har yau ana karantawa. BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, mata suna ta aika labarai. Su wa za su gaje su in muka ci gaba da kunyata 'ya'yanmu?

Abin da ya fi ƙona min rai, yaran suna ganin abin da kuke rubutawa a wayoyin yayyensu. Don Allah ku ji tsoron Allah, ku ƙyale su su rubuta.

Af, ina masu buga hotonsu a bangon littafin rubutu lokacin zaɓe? Rabin yaran nan a tsakiyar littafin lissafi suka yago takardar da suka yi aikin. Matasan ne suka yi karo-karo suka sayi biro. Sati mai zuwa ma za a zauna, kuma har yanzu babu isassun littattafai.