Nasiha ga matasa kan ɗan'uwan da ya tsira daga tashin hankali

'Yan'uwana matasa, duk lokacin da Allah ya kuɓutar da wani daga hannun masu garkuwa da mutane, ko ya fito da ransa daga hatsarin mota, mukan cika gidansu da barka da arziki, kuma wannan al'ada ce mai kyau. Abin da yake damuna shi ne yadda duk wanda ya shigo yake so a ba shi labari tun daga farko, har bawan Allah ya maimaita mafi munin ranakun rayuwarsa sau ashirin kafin magariba, wani ma ya ɗaga waya yana ɗaukarsa domin ya ɗora a Facebook. Bayan kwana uku jama'a su watse, a bar shi daga shi sai dare.

A daidai wannan lokacin ne wata larura take bayyana, wadda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar cikin kundinta a 1994, wato matsananciyar ɗimuwa bayan firgici. Likitoci suna kiranta da wannan suna idan ta ɗauki tsakanin kwana 3 zuwa wata ɗaya bayan aukuwar abin. Mai ita yakan ga abin yana dawo masa a ido kamar yanzu yake faruwa, ya yi munanan mafarkai, ya zabura da ƙarar babur ko bugun ƙofa, ya ƙi bin hanyar da abin ya same shi, ya yi ta fushi ba dalili. Wani kuma shiru yake yi, ya ce yana ganin duniya kamar cikin hazo, ko ya kasa tuna wani yanki na abin da ya faru. Alamomi 14 aka lissafa, kuma sai an samu 9 daga cikinsu likita yake tabbatar da larurar. Dalilinta a fili yake: jiki ya zuba sinadaran tsoro irin su adirenalin domin a gudu ko a yi faɗa, haɗarin ya wuce, amma ƙwaƙwalwa ba ta yarda ya wuce ba. Ba wanda aka kama kaɗai take shafa ba, har da wanda ya gani da idonsa. Ku tuna yawan mutanen da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 ya rutsa da su, ko waɗanda suka kwana a kan rufin gidaje a ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024.

Kuskurenmu na farko shi ne fassara. Mukan ce ai ya yi gamo a daji, ko mu ce masa kai fa namiji ne, ko mu zarge shi da raunin tawakkali, alhali zuciyar da take bugawa da ƙarfi ba ta san darajar imanin mai ita ba. Ba ina kwatanta wahayi da musiba ba ne, amma akwai ladabi a cikin abin da Nana Khadija ta yi lokacin da Manzon Allah (SAW) ya dawo daga kogon Hira yana makyarkyata: sai da aka lulluɓe shi har tsoron ya tafi, sannan ya ba da labari da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta goyon bayan a zaunar da wanda ya firgita a matsa masa ya zayyana komai nan take. Abin da yake buƙata shi ne wurin da zai ji ya aminta, abinci, barci, mutum ɗaya ko biyu da ya yarda da su, da komawa harkokinsa sannu a hankali.

Kuskure na biyu ya fi haɗari, domin abokai ne suke kawo shi da sunan taimako. Kada ku je kemis ku sayo masa Valium don ya samu barci. Tun a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a yi amfani da irin waɗannan ƙwayoyi wajen rage alamomin ɗimuwa a watan farko, saboda ba sa warkar da ita, kuma jiki yana saurin sabawa da su. Tiramol da kodin kuwa mun ga inda suka kai wasu samarin unguwanninmu.

Mutane da yawa suna samun sauƙi cikin 'yan makonni. Amma idan barci ya gagara, ko ya kasa fita aiki ko makaranta, to a nemi likita ko masanin halayyar ɗan'adam. Maganin da ya fi inganci na tattaunawa ne, inda ƙwararre yake koya masa kwantar da numfashinsa, ya taimaka masa ya fuskanci abin da yake gudu kaɗan-kaɗan, ya kuma warware masa tunani irin na laifina ne da na bi hanyar nan. Idan alamomin suka haura wata ɗaya, larurar tana iya komawa wadda ake kira PTSD, wato ɗimuwa mai daɗewa bayan firgici, mai iya ɗaukar shekaru. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato. Ku raka shi da ƙafarku, domin gudun duk abin da zai tuna masa yana cikin ciwon, kuma da wuya ya je shi kaɗai. Wanda ya fara cewa gara ma ya mutu, ko wanda ya bugu a ka yana amai da ruɗewa, a kai shi asibiti a ranar.